Kalmar sirrin da ta tafi da mai ita

Wata uku na yi a wurin aikin nan ban taɓa leƙa cikin fayawol ɗinmu ba. Tana can a saman akwatin ƙarfen da muke jera na'urori, fitilunta kore suna ta ƙiftawa, intanet na tafiya, babu mai ƙorafi, ni kuma aiki ya sha mini kai. Wanda na gada ya bar mini takarda shafi biyu mai ɗauke da kalmomin sirri, kuma a layin ƙarshe ya rubuta "fayawol" da wata kalma a gabanta. Na gani, na ninke takardar na ajiye. Ban gwada ba. Laifina ne, gara in faɗa da bakina tun kafin labarin ya yi nisa.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, fayawol ita ce katangar da ke tsakanin kwamfutocin cikin gida da intanet. Duk abin da zai shigo ko zai fita sai ya bi ta kanta, ita ke cewa wannan ya wuce, wancan ya koma inda ya fito. Tamu tsohuwar Cisco ASA 5510 ce, ta shekara da shekaru tana aiki, kuma a cikinta akwai dokokin da mutane uku ko huɗu suka rubuta a lokuta daban-daban, kowa da irin hannunsa.

Ranar da asirina ya tonu, masu ba mu intanet ne suka aiko da saƙo cewa za su canza mana adireshin IP na waje, wato lambar da intanet ke gane mu da ita, nan da kwana goma. Aikin minti biyar ne in mutum yana ciki. Na buɗe SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa ta rubuta umarni, na sa kalmar da ke takarda, ta ƙi. Na ce ko yatsana ne ya zame, na sake. Ta ƙi. Na gwada ta ASDM, manhajar da ake sarrafa ta da linzami, nan ma haka. Sai na shiga abin da duk mai wannan aiki ya taɓa yi yana jin kunya: in mayar da harafin farko babba, in sa sifili a madadin harafin o, in ƙara shekara a ƙarshe. Na kira wanda na gada. Mutumin kirki ne, ya ɗaga, ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce, "Kai, ina jin na canza ta bayan na rubuta takardar nan. Gwada da alamar tambaya a ƙarshe." Ya ba ni kalmomi uku. Babu wadda ta buɗe.

Da na je na faɗa wa manaja, abin da ya fara cewa shi ne, "Injiniya, ba akwai ɗan ramin nan da ake soka wa allura ba? A soka mana kawai."

Na ce, "Yallaɓai, wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido."

Tunaninsa na kan ƙaramar na'urar intanet ta gida, wadda in ka manta kalmarta sai ka danna maɓallin baya na daƙiƙa goma, ta koma yadda ta fito daga kamfani, ka sake sa sunan wayarles da kalma, magana ta ƙare. A irin wannan babu abin da ka rasa, don babu wani abu mai daraja a ciki. Fayawol ɗin ma'aikata kuwa, abin da ke cikinta shi ne dukiyar. Dokokin shige da fice sun haura ɗari biyu. Akwai tsarin da ke karkata baƙi daga waje zuwa sabobinmu na ciki, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima. Akwai ramukan VPN guda uku, wato rufaffun hanyoyi ta cikin intanet, da suka haɗa mu da rassa, kowanne da mabuɗin sirrin da aka yi yarjejeniya a kansa da ɗaya ɓangaren. Na bincika ko'ina, babu kwafin wannan saiti, ko a saba ko a kwamfutar wanda ya tafi. In na goge na'urar zan samu shiga, amma ɗaki zan tarar babu komai a ciki, sannan in yi makonni ina bin mutane ina tambaya me ya daina aiki. Kalmar sirri kam a minti ɗaya zan ƙirƙiro sabuwa. Saitin ne ba zan iya ƙirƙirowa ba.

Akwai kuma abin da mutane ke yawan kuskuren fahimta. Muna cewa "dawo da kalmar sirri", amma ba dawo da ita ake yi ba. Na'urar ita kanta ba ta san kalmar ba. Abin da ta ajiye sakamakon wani lissafi ne da aka yi a kan kalmar, lissafin da ke tafiya gaba ba ya komawa baya. In ka rubuta kalma, sai ta sake lissafin ta kwatanta da wanda ke hannunta. Don haka har yau ban san mece ce tsohuwar kalmar ba, kuma ba zan sani ba. Abin da ake yi shi ne a lallaɓa na'urar ta tashi ba tare da ta tambayi kowa komai ba, sannan a ɗora sabuwar kalma a kan tsohuwar.

Wannan ba ya yiwuwa daga nesa. Dole ka tsaya a gaban na'urar da jikinka, da kebul a hannu, kuma dole ka kashe ta ka kunna. Ma'ana intanet zai ɗauke wa kowa. Na nemi izini a rubuce, aka ba ni daren Asabar daga ƙarfe goma. Izini a rubuce ɗin nan ba tsoro ba ne. Abin da zan yi, a zahiri, shi ne abin da ɓarawo zai yi in ya samu shiga ɗakin, bambancinmu kawai takardar da ke aljihuna.

Neman kebul ya ci mini yini guda. Kebul ɗin konsol ne, wanda ke haɗa kwamfuta kai tsaye da na'urar, mai faɗi, launin shuɗi mai haske, kai ɗaya irin na kebul ɗin intanet, ɗaya kan kuma mai ramuka tara na tsohuwar ƙofar siriyal. Kar kamannin kan ya ruɗe ka, wayoyin cikinsa a juye suke, kebul ɗin intanet na yau da kullum ba zai yi ba. Na same shi a ƙasan wani kwali. Kwamfutata kuma ba ta da ƙofar siriyal, kamar kusan duk na yanzu, sai da na haɗa da ɗan mahaɗi mai shiga USB, na sa masa direba, na duba lambar COM da kwamfuta ta ba shi. A PuTTY, manhajar da zan yi magana da na'urar ta cikinta, na zaɓi siriyal, gudu 9600, bit takwas, babu fariti, bit ɗin tsayawa ɗaya. In ka ga allo yana zubo wasu haruffa kamar rubutun aljanu, kar gabanka ya faɗi, yawanci gudun ne bai dace ba. Wasu na'urorin, kamar masu pfSense, 115200 suke amfani da shi.

Na gwada duk wannan tun ranar Alhamis, na'urar tana kan aikinta. Na danna Enter, ta amsa, ta nemi suna da kalma. Abin da nake so in gani ke nan: kebul yana magana. Ba a tsakar dare, intanet a kashe, ake gano cewa mahaɗi ya lalace ba.

Abu ɗaya ne ya hana ni barci a kwanakin nan. A waɗannan na'urori akwai umarni mai suna no service password-recovery. In wani ya sa shi, hanyar da zan bi a rufe take: da zarar ka yi ƙoƙarin katse tashin na'urar, sai ta ce ba za ta bar ka ba sai ka yarda ta goge duk abin da ke ma'adanarta. In ka ƙi, ta ci gaba da tashi kamar kullum, ta bar ka a waje. Ba ni da hanyar sanin ko an sa shi sai na gwada. Na yi wa kaina alkawari, in na ga tambaya mai maganar gogewa, zan ce a'a, in naɗe kebul ɗina in tafi gida in sake tunani. Na ma rubuta wannan a saman takardar matakan da na shirya, da manyan baƙaƙe, don na san halin mutum in dare ya yi kuma ya gaji: duk abin da allo ya tambaya sai ya danna y.

Ƙarfe goma da kwata na kashe ta ta makunnin baya, na ƙirga goma, na kunna. Rubutu ya fara gudu. Sai layin da nake jira ya fito, wanda ke cewa a danna BREAK ko ESC in ana so a katse tashi, da ƙidayar daƙiƙa goma tana sauka. Na danna Esc. Babu tambayar gogewa. Sai ga rommon #0> yana jirana. Na sauke numfashi, na ce alhamdu lillahi.

ROMMON ƙaramar manhaja ce da ke farkawa kafin babbar, ba ta san dokoki ba, ba ta san kalmar sirri ba. A nan ake taɓa wata lamba da ake kira rijistar saiti, wadda ke faɗa wa na'ura yadda za ta tashi. Kafin in canza komai na rubuta confreg kawai don in ga abin da ke ciki. 0x1 ne, kamar yadda aka saba. Na rubuta shi a takarda, na amsa cewa ba na son canji ta hanyar tambayoyinta. Sannan na rubuta confreg 0x41, na biyo da boot.

Lambar nan ba tsafi ba ce. Bambancin 0x1 da 0x41 shi ne 0x40, bit ɗaya tak, kuma ma'anarsa ita ce: tashi, amma kar ki karanta ajiyayyen saiti. Wanda ya saba da rawutocin Cisco, na'urorin da ke karkata saƙonni tsakanin hanyoyin sadarwa, ya san 0x2102 da 0x2142, to bit ɗin nan ne dai. Na taɓa ganin wanda ya ɗauko lambar rawuta zai sa wa fayawol don ya haddace ta, bai san me take nufi ba. In ka fahimci bit ɗin ba ka buƙatar hadda.

Na'urar ta tashi kamar sabuwa, da sunanta na asali, ciscoasa. Na rubuta enable, ta nemi kalma, na danna Enter babu komai, ta buɗe. Ga ni a ciki da cikakken iko.

To nan ne wurin da ya fi ko'ina haɗari a duk daren, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. A wannan lokaci na'urar tana da saiti biyu. Akwai wanda ke aiki yanzu, wanda babu komai a cikinsa. Akwai kuma ajiyayye, mai dokoki ɗari biyu da ramukan VPN, yana kwance ba a taɓa shi ba. Hannun duk wanda ya daɗe a aikin nan ya saba da abu ɗaya: ka yi canji, ka rubuta write memory. In ka sa sabuwar kalma yanzu, murna ta ɗebe ka ka rubuta wannan umarni, ka ɗauki fanko ka zuba a kan cikakke. Na'urar ba za ta yi maka gardama ba. Abin da ka yi mako guda kana gudu, ka yi shi da hannunka cikin daƙiƙa biyu. Haka in ka juya kalmomin umarnin kwafi, ka sa na farko a ƙarshe. Daidai shi ne copy startup-config running-config, daga ajiyayye zuwa mai aiki. Na rubuta shi, na ɗauke hannuna daga madannai, na karanta shi da ƙarfi sau biyu ni kaɗai a ɗaki kamar mai taɓin hankali, sannan na danna Enter.

Amma kafin wannan ma, na yi wani abu da nake ba kowa shawara. PuTTY na iya rubuta duk abin da ya bayyana a allo cikin fayil. Na kunna wannan tun farko, na rubuta show startup-config, na bar shi ya zubo gaba ɗaya. Ko da na yi ɓarna daga baya, aƙalla ina da rubutun.

Bayan kwafin, sunan da ke allo ya canza ya koma sunan na'urarmu. Saitin ya dawo, tsohuwar kalma ma ta dawo tare da shi, amma ni ina ciki, ba wanda ya kore ni. Kar ka fita a nan, kar ka bar allo ya gaji da jira ya fitar da kai, in ba haka ba sai ka koma farko. Na shiga configure terminal, na sa sabuwar kalmar enable, na sa sabuwa ga asusun shugaba mai mataki na 15, matakin iko mafi girma. Na mayar da rijista da config-register 0x1. Wannan matakin mutane na mantawa da shi, kuma sharrinsa ba ya fitowa a ranar. Komai zai yi aiki lafiya har sai ranar da wuta ta ɗauke, bayan wata biyu ko shida, na'urar ta tashi fanko, kowa ya rantse saiti ya goge, alhali yana nan, an dai ce mata kar ta karanta shi ne.

Saura kaɗan in adana in tafi. Sai na ce bari in gwada intanet tukuna. Babu. Na gwada taɓa na'urar masu ba mu layi, shiru. Zufa ta karyo mini duk da sanyin ɗakin. Na rubuta show interface ip brief, sai ga ƙofofin na'urar, wato inda ake soka kebul ɗin sadarwa, duka a rufe, an rubuta cewa mai kula ne ya rufe su. Dalilin mai sauƙi ne in ka natsu. Na'ura in ta tashi babu saiti, ƙofofinta a rufe suke. Umarnin kwafi kuma ba ya maye gurbin saitin da ke aiki, haɗa su yake yi. Ajiyayyen saiti ba ya ɗauke da layin da ke cewa a buɗe ƙofa, yana rubuta rufewa ne kawai in an rufe. Don haka rufewar ta zauna daram. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, Ethernet0/0, 0/1, 0/2, ina rubuta no shutdown. Ta huɗun na duba fayil ɗin da na kwafa, na ga dama can a rufe take, na bar ta. Da na adana kafin in duba, da na adana su a rufe.

Fitilu suka dawo, ramukan VPN biyu suka tashi nan take, na ukun sai da na tura masa saƙon gwaji daga ciki sannan ya farka. Sai a lokacin na rubuta write memory. Ban rufe tagar konsol ba sai da na buɗe wata ta SSH na shiga da sabuwar kalma na ga ta karɓa. Sannan na sake kashe na'urar na kunna da gangan, don in gani da idona cewa za ta tashi daidai ba tare da ni ba. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin komai ya kammala.

Wani ƙaramin abu game da kwafin saiti, don ya taɓa cin wani abokin aikina. In ka rubuta show running-config a ASA, mabuɗan VPN taurari za ka gani a wurinsu. Ka ajiye wannan a matsayin kwafi, ranar da ka buƙace shi sai ka tarar mabuɗan babu. Umarnin da ke nuna su a fili shi ne more system:running-config. Shi na yi amfani da shi, kuma saboda haka fayil ɗin ya zama abin ɓoyewa kamar kalmar sirrin kanta.

Kar wani ya ɗauki matakan nan ya nufi wata na'ura daban. Kowane kamfani da tasa ƙofar. A pfSense, in ba a kulle konsol ba, jerin zaɓi ne ke fitowa, na uku shi ke sake saita kalmar shugaba, ko kashe na'urar ba sai ka yi ba. A Juniper SRX ana katse tashi a shiga yanayin mutum ɗaya da boot -s, sannan a rubuta recovery. FortiGate ta daɗe tana da asusu mai suna maintainer, kalmarsa bcpb haɗe da lambar siriyal ɗin na'urar, yana aiki ta konsol kawai cikin ɗan taƙaitaccen lokaci bayan an kunna, amma an cire shi a sababbin sigogin manhajarta. MikroTik kuwa babu wata ƙofar baya, in kalma ta ɓace sai gogewa, kwafin da ka ajiye shi ne gatanka. Kuma ko a kamfani ɗaya, siga da siga na bambanta, sai ka duba ta na'urarka kafin ka taɓa makunni.

Ranar Litinin manaja ya tambaye ni yadda aka yi, na ba shi labari a taƙaice. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato duk wanda ya shiga ɗakin nan da wannan igiyar, ya gama da mu?" Na ce ƙwarai, Yallaɓai, in ya san abin da yake yi kuma ya samu minti goma. Ya ce to a sa wancan umarnin da ke rufe hanyar. Na yi ta juya maganar kwana biyu. A wurin da na'ura ke zaune inda kowa ke wucewa, ko reshe mai nisa da babu mai tsaro, zan sa shi ba tare da jinkiri ba, muddin akwai kwafin saiti a hannu. A wurinmu na ga bai dace ba. Umarnin nan da an sa shi, ni zai fara ci, ba ɓarawo ba. Na ce masa a gyara makullin ɗakin, wanda na lura tun zuwana ba ya kamawa sai an dafa ƙofar da kafaɗa, a kuma rage masu riƙe mabuɗinsa daga biyar zuwa biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tamu a ƙofar katako take. Ya yarda. Sabuwar kalmar tana cikin manhajar adana kalmomin sirri, kwafinta kuma a ambulan da aka manne aka sa hannu a kai, cikin akwatin ƙarfen ofishinsa. Na ƙara asusu na biyu mai cikakken iko, don kar rayuwar na'urar ta sake rataya a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, ko da ni ne.

Da na samu natsuwa na zauna karanta saitin layi-layi, abin da ya kamata in yi tun makon farko. Na tarar da asusun mutum biyu da suka bar aiki tun kafin wanda na gada, duka da mataki na 15. Na goge su. Na tarar da doka da ta buɗe ƙofa 3389, ta shiga kwamfuta daga nesa, ga duk duniya, zuwa wani adireshin ciki da babu na'urar da ke amsa shi yanzu. Ita ma na cire ta, bayan na tambayi duk wanda zai iya sani.

Akwai wasu dokoki goma sha ɗaya da har yanzu ban gane amfaninsu ba, babu bayani a gefensu, wanda na gada ma ya ce ya same su ne a haka. ASA tana ƙirga sau nawa aka bi ta kowace doka, show access-list na nuna adadin, kuma da wannan ƙidaya zan gane wadda ke aiki da wadda ta mutu. Sai dai ƙidayar tana komawa sifili in an kashe na'ura, ni kuma na kashe ta sau biyu a daren nan. Tarihin da ta tara ya tafi. Na sa wa kaina kwana sittin, don akwai ayyukan da sai ƙarshen wata suke motsi. Yau kwana goma sha tara, huɗu daga cikinsu sun fara ƙirgawa, bakwai suna nan a sifili.